Yadda Ake Ƙawata Kati da Kundin Hotuna da Naɗin Takarda

Naɗin takarda aikin hannu ne da ake yanka takarda ziri-ziri, a nannaɗe kowane ziri, a matse shi da yatsu har ya zama ganye ko fure ko zuciya, sannan a manna shi a tsaye bisa gefensa. Wannan tsayuwar ce ke ba shi kyau, domin haske na shiga tsakanin zagayen ya fitar da inuwa, adon ya taso daga jikin katin. Ita ce kuma take jawo duk wahalar da ke cikin aikin. Abin da ya taso yana iya dannewa, yana iya karcewa, yana iya hana kundin hotuna rufuwa. Saboda haka tun kafin ki yanka zirin farko, ki yanke shawarar inda adon zai zauna: a kan kati ne, inda yake da damar tasowa, ko a cikin kundi ne, inda dole ya kwanta ya bar wa hoto fili.

Aikin ya daɗe a duniya. Mata masu hidimar coci a Faransa da Italiya sun yi amfani da shi a ƙarni na 16 da na 17 wajen ƙawata kayan ibada, suna yanko gefen littattafai mai ruwan gwal suna naɗewa, har mai kallo daga nesa ya ɗauka aikin maƙeran zinariya ne. A ƙarni na 18 ya zama abin yi ga matan masu hali a Ingila, suna yi wa akwatunan ganyen shayi da firam ado da shi. Yau idan kina son ganin bidiyon masu yi a YouTube, kalmar da za ki rubuta ita ce quilling.

Kayan aiki

Babu abin da ya fi takarda muhimmanci. A nemi mai launi ciki da waje, wadda idan an yanka ta bakin yankan ma launin ne, ba fari ba, tunda gefen ne mutane za su gani. Nauyinta ya kasance tsakanin giram 80 zuwa 120 a kowane murabba'in mita, ana rubuta shi a jikin ƙunshin. Takardar A4 mai launi da ake sayarwa a shagunan kayan rubutu giram 80 ce galibi, kuma ta isa a koya da ita, ta isa a yi kati mai kyau. Wadda ta fi 120 tana karyewa maimakon ta lanƙwasa, ta kuma bar ƙusurwoyi a cikin naɗin. Jikin katin kansa kuwa yana son kwali mai ƙarfi, giram 220 zuwa 300, don kada ya lotsa idan ado ya hau shi.

Abin naɗi iri biyu ne. Akwai mai tsaga a baki, wanda ake zura kan zirin a ciki a juya. Shi ya fi sauƙi ga mai koyo, sai dai yana barin ɗan lanƙwasa a tsakiyar naɗin. Akwai kuma mai kama da allura, wanda ake naɗewa a jikinsa da yatsu. Ya fi wuya, amma tsakiyarsa na fitowa da rami ƙarami mai tsabta. Idan ba ki samu na saye ba, ki ɗauki babbar allura mai faɗin kafa, ki datse saman kafar da filaya ta zama tsaga, ki soka tsinin a cikin guntun itace mai taushi ko jikin tsohon biro ki cika da gam. Lokacin datsewar ki rufe da tsumma, don guntun ƙarfen na iya tsalle ya shiga ido. Tsinken sakace ma yana aiki, idan kika ɗan tsaga kansa da reza.

Sai farin gam na ruwa, irin wanda kafintoci ke amfani da shi, wanda ke bushewa ya zama garai-garai. Kada a yi amfani da gam ɗin da aka dama da fulawa ko sitaci, domin kyankyaso da gara suna binsa, kuma yana fumfuna da damina. Gam mai kama nan take shi ma bai dace ba, yana ƙona launin takarda ya bar tabo. Bayan waɗannan: hantsaki mai siririn baki, ƙaramin almakashi, rula ta ƙarfe, reza ko wuƙar yankan takarda, fil, fensir, da leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta.

Abu ɗaya da masu koyo ke rainawa shi ne allon awo, wato faranti mai ramuka zagayayyu masu girma daban-daban, inda ake saka naɗi ya buɗe iya girman ramin. Idan babu shi, rular ɗalibai mai ramukan da'ira ta wadatar, ko ki zana da'irori a kwali ki fafe su. Fure mai kunnuwa shida ba ya kyau sai dukansu girmansu ɗaya, kuma ido kaɗai ba ya iya wannan awon.

Yankan ziri

Faɗin da aka fi amfani da shi milimita 3 ne. Akwai 5, akwai 10 na furanni masu geza, akwai kuma siriri na milimita 1.5 zuwa 2. Wannan faɗin shi ne tsawon da adon zai taso daga jikin takarda, don haka 3 ko 5 na kati ne, 3 zuwa ƙasa na kundin hotuna.

Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Idan kika yanka ta ta tsawo da faɗin milimita 3, za ki samu ziri 70 daga falle ɗaya. Ki sa alama da fensir a sama da ƙasa, ki danne da rular ƙarfe, ki ja reza sau ɗaya ba tare da tsayawa ba. Ki bar kamar santimita ɗaya a saman fallen ba ki yanke ba, sai zirin su zauna a haɗe, ki riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya ba su warwatse ba. Reza mai dakushi tana gurza bakin takarda, kuma gurzar za ta fito fili a aikin, saboda haka a canza ta da zarar ta fara ja.

Idan kina da sanayya da masu buga katin biki da kalanda, ki roƙe su su yanka miki da injinsu. Yankan inji ya fi na hannu daidaito nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa suna da ragowar takarda mai launi da ba sa buƙata.

Naɗi da siffofi

A nan ya kamata ki ɓata lokaci, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsaye.

Ki fara ja zirin tsakanin farcen babban yatsa da ɗan manuni sau ɗaya, ya ɗan lanƙwasa, ya yi laushi. Ki zura kansa cikin tsagar, ɗan kaɗan kawai, kada ya leƙo ta ɗaya gefen. Hannu ɗaya na juya abin naɗin, ɗayan yana riƙe da zirin, ɗan manuni a ƙasa yana tallafe da naɗin don kowane zagaye ya hau kan ɗan uwansa daidai. Kada ki ja da ƙarfi har takardar ta tsinke a tsakiya, kada kuma ki sake ta yi lakwas. Abin da ake nema shi ne ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Naɗin da aka matse farkonsa aka saki ƙarshensa, idan ya buɗe za ki ga zagayen sun cunkushe a tsakiya, waje kuma fili fetal.

Idan kika kai ƙarshe, hanya biyu ce. Ko ki shafa gam a kan zirin tun yana jikin abin naɗin ki manne, wannan shi ne matsattsen naɗi, da shi ake yin tsakiyar fure da 'yan ɗige-ɗige. Ko ki zare shi a hankali ki ajiye cikin ramin allon awo ya buɗe da kansa, sannan ki ɗauke da hantsaki ki manne bakin; wannan shi ne sakakken naɗi, uwar sauran siffofi. Cikakken zirin A4 yakan yi kyau a ramin santimita 1.5 zuwa 1.8, rabinsa kuma a ramin kamar santimita 1.2.

Ƙarshen zirin a yage shi da hannu, kada a yanka da almakashi. Yagaggen baki siriri ne, yana narkewa cikin naɗin idan an manne, yankakke kuwa yana barin layi da ake gani.

Yawan gam shi ne babban abin da ke ɓata wannan aiki. Ki ɗiga kaɗan a murfin roba, ki riƙa dangwalowa da kan tsinke. Abin da zai manne bakin ziri bai kai ƙwayar gero ba. Ki riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ki ajiye. Ki aje jiƙaƙƙen tsumma kusa don goge yatsu, domin yatsa mai gam na ɗaukar datti ya shafa wa farar takarda.

Daga sakakken naɗi:

- Ki matse gefe ɗaya, daidai wurin da kika manne, ya yi tsini: ɗigon ruwa ke nan, da shi ake yawancin kunnuwan fure.
- Ki matse gefe biyu masu kallon juna: siffar ido, ita ce ganye. Idan kika ɗan murɗa tsinin biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ganyen zai yi kamar iska na kaɗa shi.
- Ki yi siffar ido, ki danna gefe ɗaya a jikin biro ya lotsa ciki: jinjirin wata, wanda ya dace da katin barka da Sallah.
- Ki yi ɗigon ruwa, ki danna zagayayyen gefen ciki da farce: zuciya.
- Ki yi siffar ido, ki juya ta, ki sake matse tsakiyar ɓangarorin biyu: murabba'i.

Akwai kuma waɗanda ba a manne su. A naɗe kan ziri biyu zuwa gefe ɗaya ko gefe daban-daban a bar su a sake, ko a ninka zirin biyu a naɗe kowane reshe waje ko ciki. Da su ake yin rassa da lanƙwashe-lanƙwashen da ke cike fili. Wadda ta iya zanen lalle za ta gane su nan da nan, don yadda ake jan reshe a bayan hannu a karkata shi ya fitar da ganye, haka ake tsara su a nan.

Ki yi kowace siffa sau da yawa da takardar da ba ki damu da ita ba kafin ki taɓa mai kyau. Alamar hannu ya faɗa ita ce ki jera guda shida ki kasa gane wanda kika fara yi.

Haɗa kati

Mu ɗauki katin barka da haihuwa mai furanni uku a ƙusurwa.

Ki yanka kwali girman A5, wato santimita 21 da 14.8. Ki auna tsakiya, ki ja layi da bayan wuƙa ko biron da tawadarsa ta ƙare, kina dannawa a jikin rula, sannan ki ninka. Kwalin da aka ninka ba a ja masa wannan layin ba yana tsagewa a gadon bayansa. Katin zai fito santimita 10.5 da 14.8. Ki yanka wani fallen, fari ko ruwan madara, wanda ya gaza fuskar katin da rabin santimita ta kowane gefe. A kan wannan za ki yi aikin, daga baya ki manna shi a fuskar. Idan wani abu ya ɓaci, fallen kaɗai kika yi asara.

Duk rubutun da za a yi, na fuska da na ciki, a gama shi yanzu. Bayan ado ya hau, ba za ki iya kifa katin ki yi rubutu ba tare da danne shi ba. Kuma ina ba da shawarar a tsaya ga gaisuwa da addu'a da Hausa, a guji sa ayar Alƙur'ani a katin da ba a san inda zai ƙare ba bayan biki.

Launi uku sun isa: ɗaya na furanni, ɗaya na tsakiyarsu, kore na ganye. Ruwan hoda da ruwan ɗorawa da kore, misali, ko shuɗi da fari da kore. Idan kina son ƙarin armashi, ki haɗa rabin ziri mai duhu da rabin mai haske baki da baki, ki fara naɗewa daga mai hasken, kunnen furen zai fito da haske a ciki da duhu a gefe.

Babban furen: ɗigon ruwa shida daga cikakken ziri, da matsattsen naɗi ɗaya daga rabin ziri. Ƙanana biyun: ɗigon ruwa biyar-biyar daga rabin ziri. Ganye biyar ko bakwai, da rassa biyu ko uku.

Kada ki haɗa furen a kan katin kai tsaye. Ki shimfiɗa leda a kan kwali mai kauri, ki zana layuka uku da suka gitta juna a tsakiya a wata takarda ki zura ƙarƙashin ledar, sai ki samu gurbi shida daidai. Ki jera kunnuwan tsininsu na kallon tsakiya, ki ɗan shafa gam a gefen da suke taɓa juna, ki tokare su da fil. Tsakiyar a ɗora ta a sama. Idan ya bushe sai ki zura bakin wuƙa ki ɓanɓare shi, farin gam ba ya kama leda.

Yanzu ki jera komai a kan fallen ba gam. Babban fure a ƙusurwar ƙasa ta hagu, ƙaramin ɗaya sama da shi, ɗayan a damansa, rassan suna miƙewa zuwa inda rubutu yake. Ki matsa, ki sake matsawa, har ya kwanta miki. Ki bar aƙalla santimita ɗaya tsakanin ado da bakin kati, don nan ne hannu da ambulan ke gogawa. Kuma kada ki ji tsoron farin fili. Katin da aka cika maƙil ido ba ya sanin inda zai sauka. Idan tsarin ya yi, ki ɗauki hotonsa da waya kafin ki ɗaga komai.

Wajen mannawa, ki shafa gam siriri a wata leda, ki kama furen da hantsaki, ki dangwala ƙasansa, ki ɗan taɓa a busasshen wuri ya rage, sannan ki ajiye shi inda ya kamata sau ɗaya. Jan sa bayan ya sauka yana barin sawun gam mai ƙyalli. A fara da manya, sai rassa, sai ganye, sai ɗige-ɗige. Ki ɗora littafi marar nauyi a kai na minti goma sha biyar zuwa ashirin, da leda a tsakani.

Masu son rubuta suna da ziri, kamar yadda aikin Yulia Brodskaya, 'yar asalin Rasha mai zama a Ingila, ya shahara da shi, suna amfani da takarda mai kauri fiye da ta naɗi. Ana zana harafin da fensir mai haske, a lanƙwasa zirin ya bi layin tun kafin a sa gam, sannan a shafa a gefensa a tsayar. Ki bar wannan sai hannunki ya saba.

Shafin kundin hotuna

Nan dokar ta canza. Kati ana kallonsa ne don adonsa. Shafin kundi kuwa don hoton aka buɗe shi, hoton amarya ranar kamu, ko na yaro ranar saukar Alƙur'ani, kuma adon mai rakiya ne. Idan mai kallo ya fara cewa furen ya yi kyau kafin ya tambayi wace ce wannan, adon ya yi yawa.

Ki fara da hoto. Ki zaɓi ɗaya babba, ko ɗaya babba da ƙanana biyu, ki yi musu shimfiɗar kwali da ta fi su da 'yan milimita. Launin adon ki ɗauko shi daga cikin hoton: launin ankon, ko na mayafin, ko na hular ango. Ki ware wurin rubuta suna, gari, kwanan wata da abin da ya faru, domin bayan shekara ashirin wannan rubutun zai fi kowane fure amfani. Abin da ya rage na fili shi ne rabon naɗi, kuma wuri biyu ko uku sun isa: tari ɗaya a ƙusurwar hoto, ƙarami a ƙusurwar da ke kallonta, wataƙila siririn reshe kusa da rubutu.

Manyan shafukan da ake sayarwa don wannan aikin inci 12 ne ta kowane gefe, kusan santimita 30.5, amma A4 ma yana yi. Ziri kada ya wuce milimita 3, in da hali a yi da 2. Kada a ɗora wani a kan wani. Tsakiyar fure a nan a sa ta a tsakanin kunnuwan, ba a samansu ba. Takardar da ke tsaye bisa gefenta tana jure dannawa daga sama fiye da yadda ake zato, musamman matsattsen naɗi da siffofin da aka rufe. Abin da ba ta jurewa shi ne gogar gefe. Don haka rassan da ba a manne ba a rage su, waɗanda aka sa kuma a tabbata gam ya kama su daga farko har ƙarshe. Idan za a zura shafin cikin rigar leda, a buɗe bakinta sosai, a ɗora falle a kan adon, a zura tare, sannan a zare fallen.

Ki riƙa sauya wurin ado daga shafi zuwa shafi. Idan kowane shafi furensa na ƙusurwar ƙasa ta dama, kundin zai kumbura ta nan ya karkace. Kuma kada adon wani shafi ya fuskanci fuskar hoton da ke ɗaya shafin, zai bar masa sawu. Kundi mai zobe ko mai kusoshi ya fi wanda aka ɗinke, don ana iya saka guntun kwali a gindin shafuka a ba su sarari. Ado ya nisanci gindin da kamar santimita uku.

Gam kada ya taɓa fuskar hoto ko kaɗan. Idan kina son fure ya ɗan hau ƙusurwar hoto, ki manne shi a jikin shafin kawai, ɓangaren da ya hau hoton ya zauna haka nan. Tsofaffin hotunan iyaye da kakanni, waɗanda babu na biyunsu, a wanko kwafinsu a yi aikin da shi, asalin a adana. Ga kundin da ake son ya daɗe, a nemi takarda da gam da aka rubuta a jikinsu cewa ba su da asid, domin takarda mai asid tana yin ruwan ƙasa da shekaru, ta kuma shafa wa hoton da ke jikinta.

Yanayi, ajiya da aikawa

Da hunturu gam na bushewa kafin ki kai hannu, don haka ki riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, ki rufe kwalbar, ki kuma lulluɓe aikin saboda ƙura, wadda in ta shiga tsakanin zagaye sai buroshi mai laushi ke fitar da ita. Da damina takarda na shan laima ta yi sanyi, naɗi ya buɗe fiye da yadda kike so, gam ya daɗe bai kama ba. Ki adana ziri da siffofin da kika gama a roba mai murfi, ki jefa 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Rana tana cin launin takarda, musamman ja da ruwan hoda, don haka kada a jingine kati a taga. Kundi kuma a tsayar da shi a kanta, kada a kwantar a ɗora masa kaya.

Katin naɗi ba ya son ambulan da ya matse shi. Ki yi wanda ya fi shi da santimita ɗaya ta kowane gefe, ki ɗora kwali mai kauri a fuskar adon kafin ki zura. Idan tafiya mai nisa zai yi, ko za a ba direban mota saƙo, ki yanka firam na kwalin katan mai rami a tsakiya daidai inda adon yake, kaurinsa ya ɗan fi tsayin furen, ki ɗora a kan katin, ki rufe sama da ƙasa da wani kwalin, ki ɗaure, sannan ki sa cikin leda saboda ruwa.